Sankarar Hanta: Abin Da Likita Ke Iya Yi

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Sankara in ta kama ta, da fari ba a jin kome. Mutum yana nomansa, yana cin tuwonsa, sai daga baya a ga ya rame, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya irin na mai shawara. Yawanci sai a lokacin nan muke kai shi asibiti. Amma fa irin maganin da likita zai iya yi ya dangana ga yadda aka gane ciwon da wuri.

In ƙullutun yana ƙarami, akwai hanyoyi uku da za su iya warkarwa. Ta fari tiyata ce. A yanke sashen da ya kamu, hanta kuwa takan sake tofowa in sauran jikinta lafiyayye ne. Ta biyu, a soka wata allura ta fata har cikin ƙullutun, a ƙone shi da zafi. Wannan ta fi ci in bai wuce santimita 3 ba, wato kamar ƙwayar goro. Ta uku dashen hanta ne, amma yana da tsada ƙwarai, galibi sai an fita waje, kamar Indiya ko Masar.

In ciwon ya yi nisa, magani yakan jinkirta shi ne kawai. Likita yana iya zura siririn bututu ta jijiyar cinya, ya zuba magani, ya toshe jijiyar da ke kai wa ƙullutun jini. Akwai kuma ƙwayar sorafenib, wadda aka amince da ita a 2007. A gwajin da aka yi ta ƙara wa masu ciwon kamar wata uku. A 2020 aka sami ruwan magani na atezolizumab da bevacizumab, wanda ya fi ta ƙarfi. Dukansu suna cin kuɗi. Saboda haka kafin a sayar da shanun noma ko a jinginar da gona, a tambayi likita a fili: "Maganin nan na warkarwa ne, ko na jinkirtawa?"

Ko babu halin warkarwa, kada a bar majinyaci cikin azaba. Asibiti na da maganin zafi mai ƙarfi, ana kuma iya janye ruwan ciki ya sami numfashi. A nisanta shi da burkutu da sassaƙen da ba a san ƙarfinsu ba, gama suna ƙara gajiyar da hanta.

'Yan'uwa manoma, manyan tushen ciwon nan a wajenmu biyu ne: ciwon hanta mai lamba B, da dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara masu laima. A shanya amfani ya bushe sarai kafin a kai rumbu, ruɓaɓɓe kuwa a zubar. A yi wa jariri allurar rigakafin ciwon B cikin awa 24 da haihuwarsa. Manya su je gwajin jini. Wanda aka samu da ciwon, ya tambayi likita game da ƙwayar tenofovir da hoton ciki kowane wata shida, domin ta haka ake kama ƙullutun tun yana ƙarami. Ku kawo zancen gwajin nan a taron ƙungiya mai zuwa, a sa rana a tafi tare.