Iskar Kabon Monoksaid a Cikin Gida

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, mutane da yawa a Nijar da arewacin Nijeriya sukan shigar da kaskon wuta cikin ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Wannan ɗabi'a tana da haɗari, domin garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid.

Ana samun wannan iska duk lokacin da gawayi ko itace ko kananzir ko fetur ko gas ya ci wuta ba tare da isasshiyar iskar oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta sa hawaye kamar hayaƙi. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa idan gawayi ya ruru, hayaƙi ya ƙare, haɗari ya wuce. Jan garwashi yana ci gaba da fitar da ita.

A cikin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. Kabon monoksaid tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan ta tare gurbin, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke buƙata. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, shi ya sa akan zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Amma ita ba ta kawo zafin jiki, kuma takan kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci guda. Mai barci kuwa yana iya suma bai farka ba. Jarirai da masu ciki da tsofaffi sun fi saurin galabaita.

Shin ana buƙatar na'urar gano ta? Wannan na'ura ƙarama ce, tana aiki da batir, kuma tana yin ƙara idan iskar ta taru. Bisa ƙa'idar Turai, dole ta yi ƙara cikin minti 3 idan gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan na iskar ɗaki. A Ingila, dokar 2015 ta wajabta wa masu gidajen haya sanya ta a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal, aka faɗaɗa dokar a 2022. Na'urar takan yi shekara 5 zuwa 10 kafin a canja ta, kuma na'urar gano hayaƙi ba ta maye gurbinta.

Gidan da ke amfani da janareta ko kasko ko murhun gas kusa da wurin kwana yana buƙatarta, tunda ita kaɗai za ta tashi mai barci. Sai dai gargaɗi kawai take yi, ba ta hana gubar fitowa. Kariya ta farko ita ce a fitar da kasko kafin a kwanta, a ajiye janareta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Idan an ga alamun, a fitar da kowa sarari nan take, a garzaya asibiti, inda ake ba majinyaci oksijin.