Diragon a Wasa, Kada a Kogi

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da suka sa wa suna Dungeons & Dragons. In aka cire ƙyale-ƙyalen, tatsuniya ce ta taron dangi. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki halitta guda ya shiga rigarta, ya yi magana da bakinta, in an zo inda ba a san abin da zai faru ba sai a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. A bugun 2008 aka shigar da wani jinsi cikin manyan jinsunan da ɗan wasa zai iya zaɓa: 'ya'yan diragon, masu tsayuwar mutum da fata mai sulke, daga ƙwai ake ƙyanƙyashe su, kuma kowanne na iya feso wuta, ko tsawa, ko sanyi, ko guba daga bakinsa. Wasannin kwamfuta da na waya sun ɗauki salon, har ya iso hannun samarin Nasarawa ta Kaduna, ko da yake in ka leƙa shagunan wasa a unguwar ƙwallo ce ta fi tashe.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. Yaron da ya manna auduga a haɓa ranar goma ga azumi ya fita tashe yana dogara sanda, shi ma abin da yake yi ke nan, kuma ya san gemun kaɗai ba ya isa, sai ya iya tafiyar tsoho da tarinsa. To a nan ne masu zaɓen diragon suke faɗuwa. Wutar ce ke ruɗarsu. Da an buɗe fage sai su ruga gaba suna feshi, kafin a je ko'ina an kwantar da su. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. A ganina duk ɗan Kaduna da ya zaɓi halitta mai sulke ya taka ta da gaggawa da hargowa ya yi asara biyu, don malamin da zai koya masa yana kwance a cikin sunan garinsu.

Dodonnin ƙasar nan ba na sama ba ne, na ruwa ne. Macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ake kira Sarki, bai ƙona gida ko ɗaya ba. Ruwa kawai ya tsare, ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, wannan kuwa ya isa ya durƙusar da gari har Bayajidda ya zo ya sare kansa. Dodon tatsuniya ma sau da yawa a bakin rafi yake tare 'yan mata masu ɗiban ruwa, ya haɗiye mutum ɗungurungum. In ka bi sawun waɗannan labarai za ka ji ƙamshin dabba guda ta gaske. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga jam'in kada, wato kadduna, aka sami sunan kogin Kaduna, garin kuma ya gada daga kogin lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Gbagyi da aka tarar a wurin suna da nasu bayanin, amma kada ne ya hau tambarin jiha.

Dubi yadda aka gina shi. Ido da hanci da kunne duk suna jere a saman kai, saboda haka jikin gaba ɗaya na iya nutsewa a bar ɗan abin da bai fi guntun itace ba a saman ruwa. Yana da fatar ido ta uku, garai-garai, wadda ke rufe ƙwayar in ya nutse. A ƙarshen bakinsa akwai wani marfi na nama da ke toshe maƙogwaro, shi ya sa yake iya buɗe baki a ƙarƙashin ruwa ya riƙe abin da ya kama ba tare da ya shaƙe ba. Ƙananan ɗigo-ɗigon da ke gefen muƙamuƙinsa kuwa ba ado ba ne, da su yake jin motsin ruwa, ko a cikin duhu ya san akuya ta sa baki. Zuciyarsa ɗaki huɗu gare ta irin ta tsuntsu da ta mutum, kuma in ya kwanta shiru a ƙasan ruwa yana rage bugunta har ya wuce awa guda bai ɗago ba. Mutane kan ɗauke shi babban wan ƙadangare, amma kama da wane ba ta wane: masana sun nuna ya fi kusa da tsuntsaye a dangantaka.

Duk wannan kayan aiki na abu ɗaya ne, wato jira. Jikin kada ba ya ƙona abinci don ya ɗumama kansa, rana ce murhunsa. Da safe ya fito shan hantsi, in zafi ya yi yawa ya wangame baki ya sha iska, ko ya koma ruwa. Saboda haka babban kada na iya yin watanni bai ci komai ba. Ba ya farauta da gudu, kwanton ɓauna yake yi, ya lura da mashayar da dabbobi suka saba, ya matso a hankali, sa'an nan wutsiya ta cilla shi sau ɗaya tak. Hausawa sun naɗa damo sarkin haƙuri, ban ƙi ba, amma haƙurin damo na wanda ba shi da yadda zai yi ne. Na kada haƙurin mai shiri ne. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Shi kada bai tsaya dafawa ba, haɗiye duwatsun yake yi, ana kuma samunsu a cikinsa in an feɗe. Haƙoransa sun haura 60, in ɗaya ya faɗi wani na tsirowa a gurbinsa, amma ba ya tauna da su. In nama ya fi ƙarfin loma sai ya cafke ya yi ta juyi a ruwa har yanki ya ɓalle, ya ɗaga kai ya haɗiye.

Tatsuniya ta ba shi halin butulci. Akwai wadda ake yi a wurare da yawa na yammacin Afirka: mutum ya tarar da kada ruwa ya janye ya bar shi a tudu, ya naɗe shi a tabarma ya kai shi kogi, da isa sai kada ya cafke ƙafarsa. Aka nemi alƙalai. Tsohon doki ya ce ci shi, ni ma da na tsufa korata aka yi. Tsohuwar tabarma ta ce haka. Sai dila, malamin daji, ya ce shi bai yarda wannan ƙaton ya shiga wannan 'yar tabarma ba sai ya gani da idonsa. Kada ya koma ciki, aka ɗaure, shari'a ta ƙare. Abin lura, kadan tatsuniyar nan ya tsaya an yi shari'a, har sau uku. Mugu ne, amma mugu mai sauraron hujja, kuma irin wannan ya fi daɗin takawa a wasa fiye da dodo mai gurnani kawai.

Inda tatsuniya ta zalunce shi shi ne wajen 'ya'ya. Macen kada tana tona rami a rairayin gaɓa lokacin rani, ta zuba ƙwai gommai, ta rufe, ta yi gadi kusan wata uku, ko abincin kirki ba ta nema. Zafin ramin ne ke yanke abin da za a haifa: wajen digiri 32 zuwa 33 maza ne ke fitowa, in ya yi ƙasa da haka mata. In lokaci ya yi 'ya'yan tun suna cikin ƙwai suke fara kuka, uwar ta ji, ta tone ramin, ta kwashe su a cikin bakin nan da ke karya ƙashin saniya, ta kai su ruwa ba tare da ta ƙwarzane ko ɗaya ba. Wanda ya kasa fasa ƙwansa takan mirgina shi a hankali tsakanin harshe da ganda har ya fashe. Duk da haka kaɗan ne ke girma. Babban ɓarawon ƙwan shi ne guza, wanda ke fakon ta je shan ruwa ya afka wa ramin, ga tsuntsaye da manyan kifaye na jiran ƙananan. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ɗan wasan da ke neman dalilin da zai sa halittarsa ta fusata ba ya bukatar ƙirƙiro tsohuwar gaba da wata masarauta. Ya ba ta rami mai ƙwai, ya sa wani ya matso kusa.

Kuma kada ba iri ɗaya ba ne, shi ma akwai zaɓi. A Nijeriya akwai mai dogon baki siriri mai cin kifi, akwai ɗan gajeren nan na dazuzzukan kudu, sai babban da muka sani. Shi wannan babban an daɗe ana ɗaukarsa ɗaya da kadan kogin Nilu, sai a 2011 binciken ƙwayoyin halitta, wanda ya haɗa har da gawawwakin kadojin da mutanen Masar na dā suka busar suka naɗe, ya tabbatar da cewa na yammacin Afirka jinsi ne dabam, kamar yadda wani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya faɗa tun 1807 ba a saurare shi ba. Namu bai kai na Nilu girma ba, bai kuma kai shi faɗa ba. Wannan ya taimaka wajen gane abin da ake gani a Paga ta arewacin Gana da Bazoule kusa da Wagadugu, inda mutane ke zaune da kadoji a tafki ɗaya, ana ba su kaji, baƙi na taɓa wutsiyarsu, a Bazoule ma in ɗaya ya mutu binne shi ake yi. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma cikin aikinsa na gado har da sallamar kadoji su ba da wuri. Mai shakka zai ce hayaniyar dubban masunta ta isa ta kori kowace dabba. Wataƙila. Amma sarautar tana nuna yadda masu ruwa suka ɗauki kada: maƙwabci ne da ake magana da shi. Jinsin nan na yammacin Afirka har cikin hamada ya jure, a 'yan tafkunan duwatsu na Muritaniya, inda yake shiga rami ya lafe in ruwa ya ƙafe, ya jira damina.

Gubar da ake jingina masa kuwa ta matsarmama ce. A ƙasashe da yawa na Afirka an yarda ɗigonta na kashe mutum. A Janairun 2015 mutum 75 suka mutu a Chitima ta ƙasar Mozambik bayan sun sha giyar gargajiya a wurin makoki, nan take aka ce matsarmamar kada aka zuba. Da aka gwada sai aka gano guba ce ta wata ƙwayar cuta da ta tsiro a garin masarar da aka yi giyar da shi.

Yau in ka tsaya a gaɓar kogi ta wajen Nasarawa, abin da za ka gani masu haƙar yashi ne, da masu wanki, da 'yan noman rani. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957 kudancin kogin ya cika da ma'aikata, Nasarawa da Makera suka tumbatsa, ruwan rini da dagwalon masana'antu suka yi shekaru suna gangarawa kogi. Ga masu neman fata don jaka da takalmi, har sai da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta sa hannu. Rairayin da macen kada za ta tona shi ne tifa ke kwashewa. Yaro na iya girma a unguwar ya yi aure bai taɓa ganin kada ba sai a tambari, ko a keji, ko in ya yi tafiya zuwa kogin Gaji a Yankari. Diragon kuwa yana aljihunsa.

Wanda girman jiki ya dama, ya duba arewa. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a Nijar, aka tono ƙasusuwan wani ɗan uwan kada da aka sa wa suna Sarcosuchus a 1966, sannan tawagar Paul Sereno ta samo ƙarin ƙasusuwa a 1997 da 2000. A ƙiyasin masana ya rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, tsawonsa tsakanin mita 9 da 12, ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Lokacin wurin koguna ne, ba rairayi ba.

Sai dai halittar da ba ta da rauni ba ta da labari, kada kuwa yana da nasa a fili. Ƙarfin muƙamuƙinsa duk na rufewa ne, na buɗewa ba shi da kirki, tsinken roba na tayar keke ya isa ya ɗaure bakin matsakaicin kada. A tudu yana iya zabura, amma nan da nan yake gajiya. Da sanyin asubar hunturu kuwa jikinsa a mace yake sai rana ta taɓa shi. Iya ruwa fid da kai, amma ba kullum ake faɗa a ruwa ba. Ɗan wasan kirki zai rubuta waɗannan a takardar halittarsa da hannunsa, tun kafin a tambaye shi. Mai jan labari in ya san aikinsa zai kai yaƙin can kan tudu, nesa da kogi, da asuba, cikin watan Janairu, ya ga yadda mai sulke zai fid da kansa da baki kawai, alhali harshen kada a manne yake da ƙasan bakinsa, ko fito da shi ba ya iyawa.