Tabaran Likitan Fiɗa: Sabon Gani-Har-Hanji

Hausawa sun daɗe suna kiran na'urar ɗaukar hoton ƙashi da sunan gani-har-hanji. Amma in an lura, sunan ya fi dacewa da wani tabarau da likitocin fiɗa suka fara sanyawa a 'yan shekarun nan.

Yadda abin yake shi ne, kafin a tsaga majiyyaci sai a ɗauki hotunan cikinsa, kwamfuta ta harhaɗa su su zama siffar ƙashi sosai. Da likita ya sanya tabaran, sai ya ga wannan siffa kwance bisa jikin majiyyacin, daidai gurbinta, ba sai ya riƙa ɗaga kai yana duban allo ba alhali hannunsa na riƙe da ƙarfe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin ƙashin baya, inda kuskuren milimita kaɗan kan taɓa laka, mutum ya shanye. Alal misali, ran 8 ga Yuni 2020, likitocin asibitin Johns Hopkins a Amurka suka ɗaura wa wani majiyyaci kusoshi 6 don haɗe gaɓoɓin baya 3, da tabaran kamfanin Augmedics.

Sai dai fa hoton tsohon labari ne, tun da an ɗauke shi kafin taɓa nama. Ƙashi ba ya sauya kama, shi ya sa aikin ya fi karɓuwa a kansa. Hanta kuwa da ƙwaƙwalwa sukan gusa da an buɗe su, sai siffar tabarau ta nuna jijiya inda ta riga ta kauce.