Neman Gidan Haya A Gusau

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin abin da na gani, ko wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Ni malamin makaranta ne, aka yi mini canjin wurin aiki daga Tsafe zuwa Gusau. Na ɗauka cikin mako guda zan sami ciki da falo in ɗauko iyali. Ashe ba haka abin yake ba. Sai da na yi wata biyu ina kwana a zauren wani abokina, matata da 'ya'ya suna can Tsafe.

Kada mai karatu ya yi mamakin ƙarancin gidaje a garin nan, gama dalilinsa a fili yake. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, baƙi ke kwararowa don cinikin auduga da gyaɗa, har Sabon Gari ta cika. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta, ma'aikata suka taso daga Sakkwato da kayansu. A ƙidayar 2006 an sami mutum 383,162 a ƙaramar hukumar Gusau. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai da malamansu suka shigo neman ɗaki. Kan wannan kuma ga bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, kowa ya nufo birni neman inda zai yi barci da ido biyu rufe. Masu nema sun ƙaru, amma gini bai bi su ba, don siminti da kwano sun yi tsada, balle bayan janye tallafin man fetur a 2023. In kaya suka yi kaɗan a kasuwa, ai mai kaya shi ne sarki.

To, ga yadda aka yi da ni. Wani dillali ya karɓi kuɗin gani, ya yi ta yawo da ni daga Tudun Wada zuwa Samaru, daga Samaru zuwa Gada Biyu. Daga bisani ya nuna mini wani gida mai sabon fenti, ya ce, "Malam, ka yi hanzari, mutum uku ke nemansa." Jin haka sai na zaro kuɗin shekara guda na ba shi, na ɗora masa la'adarsa, ban nemi ganin mai gidan ba, ban karɓi ko guntun takarda ba. Da damina ta faɗi sai rufi ya yi ta yoyo, ruwan kwata ya shigo tsakar gida. Kafin in farfaɗo sai ga takardar bashin wutar lantarki da wanda ya tashi ya bari. Na je wurin mai gida, ya ce shi bai san da alkawarin gyara ba. Na koma wurin dillali, ya ce shi dai aikinsa haɗa ciniki. Wa zan kama? Laifin nawa ne, gaggawa ce ta ja mini.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai neman haya. Da fari, ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa wanda mai unguwa ya sani. Na biyu, ka tambayi maƙwabta yadda unguwar take da damina, musamman kusa da gulbi, gama waɗanda suka ga ɓallewar madatsar ruwan Gusau a 2006 ba su manta ba. Na uku, ka bincika ruwan sha: akwai rijiya ko famfo, ko kuwa kullum sai 'yan ga-ruwa? Gida mai araha wanda ba ruwa, tsadarsa tana ɓoye cikin jarka. Na huɗu, ka duba masai da rufi da mitar wuta kafin ka sa hannu a aljihu. Na biyar, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a ambaci kuɗi, da ranar shiga, da ranar ƙarewa, da wanda gyara ke wuyansa, ka kuma karɓi rasidi. Malamanmu sun san ko a fiƙihu haya ba ta inganta sai an san lada an san wa'adi.

Wasu sun ce mini in kama gida a Bunguɗu in riƙa zuwa aiki kullum, tun da kusa take kuma haya ta fi sauƙi. Shawara ce mai kyau ga wanda ya lissafa kuɗin mota na wata ya ga da riba, ya kuma tabbata zai riƙa komawa gida da sauran rana. Wanda bai yi lissafi ba, abin da ya rage wurin mai gida direba zai ba.

Ku kuma masu gidaje, ina roƙonku ku ji tausayi. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, yaya za a ce ya kawo kuɗin shekara a dunƙule? Da za ku yarda a biya kashi biyu ko uku, da kun sami ɗan haya mai zama da daɗewa, ba mai gudu da dare ba. Hukuma kuma, da za ta sa a rubuta sunayen dillalai, a yanka musu la'ada sananniya, da an raba na kirki da 'yan damfara.

Ina so masu karatu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu su rubuto mu ji yadda abin yake a unguwanninsu. Allah Ya rufa mana asiri, amin.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Gusau.