Yadda ƙurar ƙarfe ke tona ƙarin da ya ɓuya a saifa

A Potiskum ta Jihar Yobe, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, mahauta sun san darajar duba saifa bayan an feɗe dabba. Idan ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, akan yi zargin cutar da makiyaya ke kira ciwon saifa, naman kuma bai dace a ci shi ba. Sai dai wannan sani yakan zo ne bayan dabba ta mutu. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne hanyar ganin cuta a saifa, musamman ƙari na ciwon daji, alhali mai ita yana raye.

Na'urar MRI, wadda ta sa aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield lambar yabo ta Nobel a 2003, tana ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo, ba tare da tiyata ba. Amma a saifa, ƙari da lafiyayyen nama sukan fito kusan iri ɗaya a hoton, har ƙaramin ƙari ya ɓace wa likita.

A ƙarshen shekarun 1980, Ralph Weissleder da abokan aikinsa a Boston ta Amurka sun gwada wata dabara a kan ɓerayen da aka dasa wa ƙari a saifa. Sun yi musu allurar wata ƙurar ƙarfe mai matuƙar laushi ta jijiya. Lafiyayyar saifa tana cike da ƙwayoyin garkuwar jiki masu tace jini, kuma su ne ke haɗiye ƙurar, sai wurin ya yi duhu a hoto. Shi kuwa ƙari ba shi da isassun irin waɗannan ƙwayoyin, don haka yakan tsaya da haske a tsakiyar duhun. An fara da dabbobi ne domin ana iya feɗe su daga baya, a kwatanta abin da hoto ya nuna da abin da ido ya gani.

A yau, sinadarin da asibitoci suka fi amfani da shi wajen fayyace hoton MRI shi ne gadoliniyum, wanda aka fara amincewa da shi a 1988. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, kuma wasu nau'o'insa na iya cutar da wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Wannan ya shafi Yobe kai tsaye, ganin yadda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar yankin Gashuwa. Saboda haka, duk wanda za a yi wa hoton da allura ya sanar da likita idan yana da matsalar ƙoda, domin a gwada jininsa tukuna.