Mota Ta Ƙi Tashi: Ina Wutar Ta Tsaya?

Ɗan'uwa mai karatu, ko ba ka da mota, ka taɓa tura ta. Direba ya murɗa makulli, inji na juyi, amma ya ƙi tashi. Sai ka ji an ce: "Ku sauko mu tura!"

Injin mota mai shan isansi na bukatar mai da iska da wuta. Yau maganar wuta za mu yi.

Batir na ba da volt 12. Wannan bai isa ya kunna mai ba. Bobin ce ke ɗaga shi ya wuce volt 20.000. Daga bobin wuta ta tafi delko. Delko shi ke raba ta, ya aika wa kowane buji tashi a kan lokaci. Buji ya yi tartsatsi, mai ya kama.

A motocin da, akwai bis platine cikin delko, wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Suna cinyewa, makaniki ya goge su ya daidaita. Daga baya, a motoci irin su Peugeot 505 da ta fito a 1979, aka maye su da abu biyu: kaptar cikin delko, da wani ɗan akwati da ake kira modil. Kaptar na gaya wa modil lokaci ya yi, modil ya yanke wutar bobin, tartsatsi ya fito. Modil ba a goge shi. In ya mutu, sai sabo. Shi ya sa bai kamata ka saye shi da ka ba, sai ka bincika.

Fara da batir. Kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli. In fitilu sun dushe ƙwarai, batir ya yi sanyi, ko kawunan shi sun yi datti. Kankare su, ka ɗaure tam.

To, batir lafiya. Cire giya, ka ja birkin hannu. Zare wayar buji ɗaya, ka sa mata wani buji mai kyau. Aza shi bisa ƙarfen inji, nesa da mai. Wani ya murɗa makulli, kai ka duba. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, wuta na nan, je ka nemi matsalar wajen mai. Kada ka riƙe wayar da hannu, wallahi tana fizga! Kuma kada ka bar ta tana lilo ba buji, haka na iya ƙona modil.

In ba tartsatsi fa? Yi wannan gwaji da babbar wayar da ta fito daga bobin. In ita tana da wuta, to laifin na cikin delko. Buɗe murfin shi. Duba ko ya tsage, ko ɗan gawayin tsakiya ya cinye, ko rotor ya ƙone. Da damina, raɓa kaɗai na iya hana mota tashi. Tsumma busasshe ya isa. In za ka zare wayoyi, sa masu alama. A injin 505 mai buji huɗu, wuta na bin 1, 3, 4, 2. Ka rikita su, ka ƙara wa kanka aiki.

In babbar wayar ma ba wuta, nemi ƙwan fitilar mota mai waya biyu. Waya ɗaya a ƙarfen mota, ɗaya a wurin bobin mai alamar +. Buɗe kontak. In bai kama ba, wuta ba ta iso ba, duba waya da makulli. In ya kama, maida wayar wurin alamar -, a murɗa inji. Ƙwan na ƙyaftawa? Modil da kaptar na aiki, bobin ce ta gaza. Ba ya ƙyaftawa? To yanzu ne za ka zargi modil ko kaptar.

Akwai wata cuta mai ban haushi. Mota ta tashi lafiya da safe, rana ta yi zafi ta mutu, ta huce ta tashi. Ni ta same ni tsakanin Maraɗi da Tasawa, cikin watan Afrilu. Sau uku muna tsayawa. Wani makaniki ya kwance karbirato duka, a banza. Yaron shi ne ya jiƙa tsumma ya aza bisa modil, mota ta tashi nan take. Ashe zafi ne ke kashe shi.

Modil ba ya son zafi. Shi ya sa ake ɗaure shi bisa farantin alminiyom, a shafa wani farin mai tsakaninsu don ya janye zafin. In za a sa maka sabo, tsaya kusa, ka ga an shafa man nan kafin a ɗaure.