Kafin Ka Ɗinka Jaka ko Tanti, Ka San Zif Ɗin da Za Ka Saya

Sau da yawa za ka ga jakar tamfol yadinta garau, amma an jefar da ita saboda zif ya mutu tun a daminar farko. Teloli da masu ɗinka wa kansu kayan shiga daji, irin su jakar goyo, rigar ruwa, tanti da murfin kayan babur, sukan zuba kuɗi a yadi mai kauri, sannan su ce wa mai shago, "Ba ni zif," ko wane iri ne. A nan asarar take farawa, domin araha ba ta ado.

Zif iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne mai murɗaɗɗen zaren nailan da aka ɗinke a jikin ƙyalle. Ba shi da nauyi, yana lanƙwasa, don haka shi ya dace da ƙofar tanti mai lanƙwasa da bakin jakar da ya zagaye kusurwa. Rauninsa yashi: idan ƙura ta shige shi, a hankali take cinye cikin kan zif ɗin har ya daina haɗa haƙora.

Na biyu shi ne mai manyan haƙoran roba, kowane haƙori a manne shi kaɗai. Wannan ya fi jure laka da ƙura, ba ya tsatsa, kuma ya dace da gaban rigar ruwa ko duk wurin da ɗinkin ya miƙe sak. Sai dai ba ya son lanƙwasa, kuma idan haƙori ɗaya ya karye a tsakiya, sai dai a farke a sa sabo.

Na uku shi ne na ƙarfe, irin na wandon jins. Yana da ƙarfi, amma yana da nauyi, kuma danshi da gumi suna sa shi ya cije. A bar wa jakar fata da kayan da ruwa ba ya duka.

Bayan iri, sai lamba. Idan ka juya kan zif, galibi za ka ga 3, 5, 8 ko 10, wato kimanin faɗin haƙoran ke nan a milimita idan an rufe. Lamba 3 ta aljihu ce da gidan sauro. Lamba 5 ta isa rigar ruwa da ƙaramar jaka. Babban bakin jakar da za a cusa wa kaya, ko ƙofar tanti mai shan iska, 8 ko 10 suke so. Kuma dole kai ya zama irin haƙoran, lambarsu ɗaya. Kan zif ɗin roba ba ya hawa na nailan.

A kula da kan ma. Akwai mai kulle kansa, wanda ba ya zamewa sai an ja, shi ne na riga. Tanti kuwa yana son mai maja biyu, ciki da waje. Riga tana buƙatar zif mai rabuwa a ƙasa. Jaka ba ta buƙata, ana iya yanko mata daga wanda ake sayarwa yadi-yadi.

Akwai gargaɗi biyu. Zif mai shafin roba da ake cewa "ba ya shan ruwa" yayyafi yake tarewa, ruwa mai ƙarfi yana ratsa shi, saboda haka a ɗinka masa leɓen yadi ya rufe shi. Sannan sunan YKK, kamfanin zif na Japan da Tadao Yoshida ya kafa a 1934, ana buga shi a jabu. Ka ja zif ɗin sau da yawa a shago, ka lanƙwasa shi, ka ga ko zai buɗe.

Idan zif ya fara buɗewa ta baya, yawanci kan ne ya saki. A matse shi kaɗan da filaya, ko a canja kan kawai. A lokacin hunturu a riƙa goge haƙoran da tsohon buroshi, a shafa musu kyandir. Kada a sa man girki ko bakin mai, ƙura suke tarawa.

Tun ran gini ran zane. Gobe idan ka shiga shagon kayan ɗinki, ka faɗi iri, ka faɗi lamba, ka faɗi kai, tun kafin ka yanka yadin.